Yadda zaka tsara harkar ma'aikatanka a Kumasi ba tare da ka taka dokar ƙwadago ba

Jama'a assalamu alaikum. Wannan rubutun na masu ɗaukar mutane aiki ne a nan Kumasi, ko kana da makarantar kuɗi a Aboabo, ko gidan fiya wata a Sawaba, ko kemis a Asawase, ko shagon kayan mota a Suame Magazine, ko kuwa kai ne wanda Alhaji ya damƙa ma littafin ma'aikata ya ce ka riƙa lissafin albashi duk ƙarshen wata. Mu a zango yawancin ɗaukar aikinmu da baki ake yinshi, a kawo maka yaro a ce ɗan ƙanwar wane ne, yana da hankali, kai kuma ka ce to ya fara gobe, shikenan an gama magana, ba takarda ba sa hannu ba komai. Muddin ana zaman lafiya ba wanda zai tuna, amma ranar da aka samu saɓani, ko yaro ya ji ciwo a bakin aiki, ko mutanen SSNIT, hukumar fanshon ma'aikata, suka shigo suka ce a kawo littafi, a ranar ne zaka gane cewa gwamnatin Ghana bata san ɗan ƙanwar wane ba, abinda ta sani shi ne mai ɗaukar aiki da ma'aikaci, kuma kowanne akwai abinda ta ɗora mishi. Abin yana damuna sosai saboda rigimar irin wannan bata tsayawa a ofis, har gida take bin mutane, a daina gaisawa a masallaci, a daina zuwa sunan juna.

Dokar da ta fi shafarmu ita ce dokar ƙwadago ta shekarar 2003, mai lamba 651, da ƙa'idojin da suka biyo bayanta a 2007. Bayanta akwai dokar fansho ta 2008 mai lamba 766, da dokar harajin kuɗin shiga ta 2015 mai lamba 896, da dokar diyyar ma'aikata ta 1987, sai dokar yara ta 1998 ga masu almajiran sana'a. Ba sai ka haddace su ba, amma ka nemi kwafin ta 651 ɗin ka ajiye a waya, zan riƙa faɗin lambar sashe don ka duba da idonka.

Matakin farko, kafin ka taɓa wata takarda, ka zauna da biro ka rubuta sunan duk wanda ke karɓar kuɗi a hannunka saboda aiki, har mai gadi da mai shara da direba da yaron da ke loda mota, sannan a gaban kowane suna ka sa ranar da ya fara da kuma irin aikin da yake. Anan ne mutane da yawa ke ruɗin kansu. Sai kaji mutum ya ce ai su waɗannan 'yan bai-de ne ba ma'aikatana bane, alhali mutumin nan kullum yana zuwa tun azumin bara. Doka ta yarda da ɗan aikin rana, wanda aikinshi na ɗan lokaci ne yana zuwa yana ɗaukewa kuma baya wuce wata 6 a jere, shi ba dole bane a rubuta mishi yarjejeniya, sashe na 74 ya faɗi haka. Amma sashe na 75 ya ce ma'aikacin wucin gadi da ya yi wata 6 ko fiye a jere a wurin mutum ɗaya to za a ɗauke shi a matsayin cikakken ma'aikaci ne, duk sunan da kake kiranshi dashi. Don haka idan ka ga sunan da ya haura wata 6 a jerin naka, ka maida shi ɓangaren cikakkun ma'aikata tun yau. Kuma ko ɗan bai-de ɗin ma yana da haƙƙi, dole a biya shi daidai da abinda ake biyan wani a kan irin wannan aikin, in ya zo wurin aiki ruwan sama ya hana aiki to kuɗin ranar nan yana nan a kanka.

In cikin yaran akwai ƙananan shekaru to ka tsaya ka tambayi shekarun da gaske. Dokar yara ta ce ba a ɗaukar yaro aiki sai ya kai 15, aiki mara nauyi daga 13, aiki mai haɗari kuwa kamar ɗaukar kaya masu nauyi ko wurin da injuna ke aiki sai 18, kuma ba a sa yaro aikin dare daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe. Masu gareji da masu walda da teloli, koyon sana'a ma daga 15 ne ko bayan yaro ya gama karatun farko na dole, kuma masta ne ke da alhakin lafiyar yaron a lokacin koyo, a ƙarshe ya bashi takardar yaye. Wanda kuma ya ɗauko 'yan uwa daga Nijar ko Burkina ko Najeriya, shigowa ƙasa ba biza saboda ECOWAS daban, izinin zama da yin aiki daban, wannan a ofishin shige da fice ake nemanshi.

Mataki na biyu shi ne wanda nafi so mu daɗe a kai, wato rubuta yarjejeniya. Sashe na 12 ya ce duk aikin da zai kai wata 6 ko fiye dole a rubuta shi, sashe na 13 kuma ya baka wata 2 daga ranar da mutum ya fara ka miƙa mishi rubutaccen bayanin sharuɗɗan aikinshi, ku biyun ku sa hannu. Nasan abinda wasu zasu ce, wai ina ni ina kawo ma ɗan yayana takarda ya sa hannu kamar ban yarda dashi ba. Ɗan uwa, aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, kuma tsakanin musulmi da musulmi take magana, to albashin da baka biya ba tukuna ai bashi ne a wuyanka. Takardar nan ita ke tsare zumuncin, saboda bayan shekara 3 ba wanda zai tuna daidai abinda aka faɗa a ƙofar shago, kai zaka rantse sidi 800 ka ce, shi zai rantse 800 ban da kuɗin abinci ka ce, kuma wataƙila dukanku ba mai ƙarya.

Ba sai ka je ka biya lauya ya rubuta maka shafi 20 ba, shafi ɗaya zuwa biyu ya isa ƙaramin wuri. A sama sunan kasuwancinka yadda yake a takardar rajista, sai sunan ma'aikaci yadda yake a Ghana Card ɗinshi ba sunan da ake kiranshi a unguwa ba, da lambar katin. Sai ranar fara aiki, da sunan aikin, kuma anan ka buɗe baki ka faɗi aikin dalla-dalla, in direba ne kuma kana so ya riƙa taya lodi to ka rubuta. Sai albashi, ka raba shi gida biyu a fili, ainihin albashi nawa, alawus na mota ko na abinci nawa, da ranar biya. Sai awannin aiki da ranakun hutu, da yadda za a biya ƙarin lokaci, da hutun shekara, da abinda zai faru in ya yi rashin lafiya, da fansho, da tsawon notis in ɗayanku zai bar ɗaya, da laifukan da ke jawo gargaɗi ko kora, da kuma wanda zai kai ma kuka in an ɓata mishi. In akwai lokacin gwaji to ka rubuta tsawonshi tun daga farko, dokar bata yanke adadin watanni ba, cewa ta yi ya zama daidai misali kuma an ƙayyade shi tun kafin a fara, wurare da yawa wata 3 zuwa 6 suke sawa. Abinda ba zai yiwu ba shi ne mutum ya shekara 2 kana cewa har yanzu ana gwada shi.

Takardar da turanci za a rubuta tunda shi ofisoshi ke karantawa, amma in ma'aikacin baya karatun boko to a samu wani ya karanta mishi da Hausa ko Tuwi ko duk yaren da yake ji, a gaban shaida, a rubuta a ƙasa cewa an karanta mishi ya fahimta, sannan ya dangwala yatsa, shaidan ma ya sa hannu. Kwafi biyu, ɗaya nashi ɗaya naka. Kar ka riƙe duka biyun a durowarka.

Daga nan ka buɗe ma kowa fayil nashi, ko na kwali ne irin na sidi kaɗan da ake saidawa a Adum. Ciki ka sa yarjejeniyar, da kwafin Ghana Card, da lambar wanda za a kira in wani abu ya faru, da duk takardar da zata biyo baya, ta hutu ko ta gargaɗi ko ta ƙarin albashi. Ka kulle fayilolin, don akwai dokar kare bayanan mutane ta 2012, kuma ko ba doka bai dace takardar asibitin wata ta zama abin hira a wurin mai shayi ba.

Mataki na uku kuɗi. Kwamitin da ya haɗa gwamnati da masu ɗaukar aiki da ƙungiyoyin ƙwadago shi ke yanke mafi ƙarancin albashin yini, a 2024 sidi 18.15 ne, a 2025 ya koma 19.97, kuma yana canzawa kusan duk shekara don haka ka riƙa sauraron sanarwa. Yadda ake maida shi na wata ga mai aikin ranakun mako shi ne a ninka sau 27, wato a lissafin 2025 sidi 539.19 kenan. Wannan ƙasan ƙasa ne, kuma duk wanda ke zuwa cefane Kejetia ya san ba zai riƙe gida ba, don haka kar ka ɗauka in ka biya wannan ka yi abin yabo, ka dai tsira daga laifi ne kawai. Biya kuma ya zama da kuɗi ne, ba zaka ba mutum buhun shinkafa ko kayan shago ka ce albashinshi kenan ba. In ta MoMo ko banki kake turawa to alhamdulillahi shaida na nan, in hannu da hannu ne ka sa ya sa hannu a littafi duk wata, kuma ka bashi 'yar takarda mai nuna abinda aka biya da abinda aka cire.

Maganar cirewa kuma, wannan ɗabi'ar ta cin tara, wai ka makara an cire sidi 20, ka amsa waya an cire 10, sashe na 69 ya hana mai ɗaukar aiki ya ɗora ma ma'aikaci tarar kuɗi. Abinda sashe na 70 ya yarda a cire, da yardar ma'aikacin, su ne irin kuɗin fansho, da bashin da ya karɓa a hannunka, da kuɗin da aka biya shi bisa kuskure, da asarar kayan da ke ƙarƙashin kulawarshi. To ko a nan ɗin ka rubuta, ya sa hannu. Yarinyar kanti in lissafi bai cika ba a zauna a ƙirga tare da ita, ba wai ta zo karɓar albashi ta tarar an zaftare rabi ba bayani.

Yanzu SSNIT, inda mafi yawanmu ke da rauni. Jimillar abinda ake zubawa kashi 18.5 cikin 100 ne na ainihin albashi, kai mai wuri kashi 13, ma'aikaci kashi 5.5. Bari in sa shi a lissafi. Malamin makarantarka ainihin albashinshi sidi 1,000. Zaka cire 55 daga nashi, ka ƙara 130 daga aljihun makaranta, ya zama 185. Cikin 185 ɗin nan 135 ne ke tafiya SSNIT, wanda shi ne hawa na ɗaya, kuma daga ciki suke tura wani kaso ga inshorar lafiya ta ƙasa, sauran 50 ɗin kuma hawa na biyu ne, wani kamfanin amintattu mai lasisin NPRA, hukumar da ke sa ido kan harkar fansho, ake ba, kai zaka zaɓi kamfanin ka yi rajista dasu. Mutane da yawa suna biyan na ɗaya su manta da na biyu gaba ɗaya, alhali shi ma dole ne, shi ne dunƙulallen kuɗin da mutum zai karɓa ranar da ya yi ritaya. Hawa na uku ne kaɗai na ganin dama. Wa'adin biya kwana 14 ne bayan ƙarewar wata, in ka wuce akwai tarar kashi 3 cikin 100 duk wata a kan abinda baka biya ba, tarar tana taruwa, kuma SSNIT na kai masu wuri kotu a kan haka. Ka je ofishinsu da takardar rajistar kasuwancinka da jerin ma'aikata su baka lambar mai ɗaukar aiki, ma'aikatan kuma yanzu lambar Ghana Card ɗinsu ake amfani da ita.

Wani lokacin ma'aikacin da kanshi ne zai ce Alhaji don Allah kar a cire min komai a bani kuɗina cif. Kar ka yarda, ba a hannunshi abin yake ba, ba a hannunka ba, in suka zo bincike kai zasu kama da naka kason da nashi da tara. Ka zaunar dashi ka mishi bayani, sai mutum ya zuba na wata 180, shekara 15 kenan, kafin ya cancanci fansho na wata-wata in ya kai 60, kuma in ya rasu kafin nan akwai abinda ake ba waɗanda ya rubuta sunansu. Mu da muke ganin dattawan da suka yi shekara 30 suna gadi ko tuƙi suka tashi ba ko pesewa, sai abinda 'ya'ya suka kawo, bai kamata mu ƙara yawansu da hannunmu ba. Mafi munin duka shi ne wanda ke cire 55 ɗin nan daga albashin mutum ya ƙi kaiwa, wannan cin amana ne tsagwaronshi. Sannan ga mai neman kwangilar gwamnati, ba zaka samu ba sai da takardar shaidar SSNIT cewa ba a binka.

Haraji kuma na GRA ne, hukumar tara haraji ta ƙasa, kana cirewa daga albashi gwargwadon matakan da suka fitar ka kai musu kafin 15 ga watan da ke bi, ɗan bai-de kashi 5 cikin 100 ake cire mishi. Matakan suna canzawa, ka karɓi jadawalin shekarar a ofishinsu. Ka sa ranakun nan biyu, 14 da 15, a ƙararrawar wayarka.

Mataki na huɗu lokaci da hutu. Awa 8 a yini ko awa 40 a mako shi ne ƙa'ida, abinda ya haura ƙarin lokaci ne kuma ana biyanshi a kan farashin da kuka tsaida tun farko. Akwai hutun aƙalla minti 30 a tsakiyar aiki, da awa 12 tsakanin tashi yau da komawa gobe, da awa 48 a jere duk mako. Nasan shaguna da yawa Litinin zuwa Asabar ne daga asuba har magariba, to gyaran shi ne a raba mutane kashi-kashi a riƙa karɓa-karɓa, a buɗe littafin shigowa da fita. Tunda mu ne da wurin, sai mu tsara jadawalin yadda Juma'a kowa zai samu masallaci, da azumi a sassauta yamma, ma'aikacinka Kirista shi ma a bar mishi Lahadinshi. Ranakun hutun ƙasa, har da ƙaramar sallah da babbar sallah, ana biyan albashinsu cikakke.

Hutun shekara aƙalla kwanakin aiki 15 ne da cikakken albashi, kuma sashe na 31 ya ce duk yarjejeniyar da aka yi cewa mutum ya yafe hutunshi to banza ce. Kwanakin da ya yi yana jinya da takardar likita ba a cire su daga ciki. Ka yi jadawalin hutu tun Janairu don kar kowa ya nemi tafiya arewa lokaci ɗaya gab da sallah.

Mata kuma, don Allah masu makarantu da kantuna da gidajen abinci ku ji wannan da kyau. Hutun haihuwa aƙalla mako 12 ne da cikakken albashi, ban da hutun shekararta, in haihuwar ta zo da matsala ko tagwaye ne a ƙara aƙalla mako 2. In ta dawo tana da awa ɗaya a cikin lokacin aiki na shayarwa har yaro ya shekara. Ba a sa mai ciki aikin dare daga ƙarfe 10 zuwa 7 na safe sai da yardarta, ba a sa ta ƙarin lokaci shi ma sai da yardarta, haka mai goyon da bai kai wata 8 ba. Kora saboda ciki ko saboda tana hutun jego na cikin abubuwan da sashe na 63 ya ambata da suna a matsayin korar zalunci. Sai kaji Hajiya ta ce ai tunda ta yi ciki ta je ta huta mun samu wata, tana ganin kamar tausayi ta yi, alhali ta sa kanta a layin biyan diyya. Sannan in ma'aikaciya ta kawo ƙarar wani yana damunta da maganar banza ko taɓe-taɓe, ko manajanka ne ko ɗanka, ka rubuta ƙarar ka bincika ka ɗau mataki, saboda in ta yi ta kawo kuka baka yi komai ba har ta gaji ta ajiye aikin, doka na lissafa shi kamar kai ka kore ta bisa zalunci.

Lafiya a wurin aiki a taƙaice, sashe na 118 ya ɗora maka samar da wuri mai aminci da kayan kariya kyauta, safar hannu, takalmi, gilashin walda, ruwan sha, bayi mai tsafta. Ka ajiye akwatin magani da tukunyar kashe gobara wadda bata ƙare aiki ba. In haɗari ya faru ka kai mutum asibiti tukuna, sannan cikin kwana 7 ka kai rahoto ofishin leba, su ne ke bin maganar diyya bisa rahoton likita. Kar ka ce za a gama a gida da ɗan abin sayen magani, yatsan da injin ya cire baya dawowa, kuma maganar tana iya tashi daga baya ta fi haka tsada.

Mataki na ƙarshe kuma mafi zafi, ladabtarwa da sallama. Sashe na 62 ya kawo dalilan da ake sallamar mutum a kansu bisa adalci, rashin iya aikin, laifin da aka tabbatar, raguwar aiki, ko wata doka da ta hana shi yin aikin kamar direban da aka ƙwace ma lasisi. Ka lura da cewa laifin sai an tabbatar, kuma in aka je gaban hukuma kai ne zaka nuna cewa dalilinka na gaskiya ne kuma ka bi hanya mai adalci. Shi ya sa kora cikin fushi, tashi ka bar min shago kar in ƙara ganinka, ita ce ta fi kowace jawo asara ko da kai ke da gaskiya.

Ga yadda zaka bi. Ranar da abu ya faru kar ka yanke komai. Ka rubuta mishi takardar tuhuma gajera, ranar kaza da ƙarfe kaza an baka jaka 200 na ruwa ka kai Tafo, ka dawo da kuɗin 170, ka yi bayani a rubuce cikin awa 48 ko kwana 3. Kar ka sa zagi, kar ka kira shi ɓarawo, abinda ya faru kawai. Ya sa hannu ya karɓa, in ya ƙi a samu shaida ya rubuta cewa an bashi ya ƙi. In ya kawo amsa a zauna mutum biyu ko uku, wanda ya yi ƙarar kar ya zama shi ne alƙali, a bar shi ya zo da abokin aiki ɗaya ko wakilin ƙungiya in akwai, a ji ta bakinshi har ƙarshe, wani yana rubuta abinda aka faɗa. Sau da yawa a zaman nan ne zaka ji cewa jakunkuna sun fashe a hanya ko wani kwastoma ya karɓa bashi da sanin manaja. In laifi ƙarami ne gargaɗin baki, in ya sake na rubutu, in ya sake na ƙarshe, kowanne a fayil. In babba ne kamar sata da aka tabbatar to ana iya sallama kai tsaye, amma bayan an ji ta bakinshi. In kana so limamin unguwa ko wani dattijo ya shiga tsakani ba laifi, sau tari ma ya fi sanyaya rai, sai dai abinda aka cimma a rubuta shi kowa ya sa hannu.

In rabuwa ce ba ta laifi ba to sai notis a rubuce. Aikin da ya kai shekara 3 ko fiye wata ɗaya ko albashin wata ɗaya a madadinshi, ƙasa da shekara 3 mako 2 ko kuɗinsu, na mako-mako kwana 7. Shi ma ma'aikacin haka zai baka in shi zai tafi. Ranar tafiya ka biya shi duk abinda yake binka, albashin kwanakin da ya yi da kuɗin hutun da bai ci ba, ka tabbatar SSNIT ɗinshi ya cika har watan ƙarshe, ya maida makulli da waya da duk kayan wuri, a rubuta a sa hannu. In kuwa kasuwa ce ta ja baya zaka rage mutane ko ka rufe wani reshe, sashe na 65 ya ce ka sanar da babban jami'in leba da ƙungiyar ma'aikata in akwai, wata 3 kafin lokacin, kuma akwai kuɗin sallama da za ku zauna ku daidaita da ma'aikatan, in kun kasa sai a kai hukuma ta raba.

Hukumar ita ce NLC, hukumar ƙwadago ta ƙasa da dokar 651 ta kafa, kuma ma'aikaci na iya kai ƙara can da kanshi. In ta ga an yi korar zalunci tana iya cewa a maida shi aikinshi, ko a bashi wani makamancinshi, ko a biya shi diyya, in ka ƙi bi tana iya zuwa babbar kotu a tilasta maka. Don haka in takardar gayyata ta zo daga wurinsu ko daga ofishin leba kar ka sa ta ƙarƙashin tabarma, ka amsa cikin wa'adin da suka baka, ka ɗauki fayil ɗin mutumin gaba ɗaya da littafin albashi da rasit ɗin SSNIT ka je da kanka ko ka tura wanda ya san maganar, yawanci da sulhu suke farawa. In kuɗin da ake magana a kai masu yawa ne ko mutanen da abin ya shafa suna da yawa, a nan ne zaka nemi lauyan da ya san harkar ƙwadago tun kafin ranar zaman.

Wanda yake da tsoffin ma'aikata da ba a taɓa rubuta musu komai ba, ya fara da waɗanda suka fi daɗewa, a rubuta ainihin ranar da suka fara ba ranar da aka yi takardar ba, sannan ya je SSNIT da kanshi ya ce yana da bashin baya yana so a lissafa a tsara mishi yadda zai riƙa biya kaɗan-kaɗan.